Masu Bin Sawun Furotin, da Abin da Ya Haɗa Su da Gonar Wake

A ƙasar da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir har zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, gona ba ta san hutu ba. Jama'a sun yi yawa, daji ya daɗe da ƙarewa, saboda haka inda aka shuka bana nan za a shuka baɗi, kamar yadda aka yi bara da bara waccan. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960 yana Jami'ar Ahmadu Bello, ya daɗe yana bayanin yadda manoman suka riƙe ƙarfin ƙasarsu duk da wannan matsi: takin dabbobi, sharar birni da jakuna ke kawowa, itatuwan da ake bari tsakiyar gona, da cusa wake da gyaɗa tsakanin gero da dawa. Wake ya ba da ƙwaya, ya ba tumaki da awaki harawa, su kuma su mayar wa gona taki.

Wani ɓangare na wannan lissafi a ƙarƙashin ƙasa yake gudana. In ka tuge waken da ya haura wata guda, Ɗan'ila ne ko Kanannado, ka kaɗe ƙasar a hankali, za ka ga 'yan ƙullutai manne da saiwa. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to aiki na tafiya: bakteriya ce a ciki, galibi ta jinsin Bradyrhizobium, tana ɗebo naitirojin daga iska tana mayar da shi abin da shuka za ta iya ci, abin nan da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya. Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su ne suka tabbatar da haka a 1886, bayan shekara biyu kuma Beijerinck ya ware bakteriyar kanta a ƙasar Holan. Abin da ya ɗauki kusan ƙarni guda kafin a soma fahimtarsa shi ne yadda halittar da sai an jera dubu kafin su cika milimita ɗaya ko biyu take shawo kan shuka, alhali shuka tana da garkuwa, kuma ba ta yi wa baƙon bakteriya maraba.

Amsar tana wajen furotin. Mun saba jin kalmar a bakin ma'aikatan lafiya in suna maganar wake da nama da ƙwai, amma a cikin jikin mai rai furotin ma'aikaci ne. Kowane ɗaya sarƙa ce da aka harhaɗa daga ƙananan sinadarai iri ashirin, sarƙar ta naɗe ta ɗauki siffa tata ta musamman, siffar ce kuma ke yanke aikin da zai yi: wani yanka, wani ɗauko, wani toshe hanya, wani ba da ƙarfi. Da wuya ka sami wanda ke aiki shi kaɗai. Sai gefen wannan ya dace da lungun wancan, sun riƙe juna na ɗan lokaci ko na dindindin, sannan wani abu ya faru.

Bakteriya irin ta saiwar wake tana lulluɓe da tantani biyu, da siririn bango a tsakaninsu. In tana son fitar da furotin waje, balle ta shigar da shi cikin ƙwayar jikin wata halitta, sai ta gina inji wanda shi ma da furotin aka yi shi. Masana sun ba waɗannan injuna lamba. Da inji na biyu bakteriyar kwalara ke fitar da gubar da ke sa amai da gudawa. Inji na uku kuwa allura ce sosai, mai gindi da ya ratsa tantanin biyu da tsini da ke huda ƙwayar jikin wanda aka nufa. Tomoko Kubori da abokan aikinsa a ɗakin binciken Jorge Galán suka fara ganin ta a madubin ilektiron a 1998, a jikin Salmonella, dangin da mai kawo taifot ta fito daga cikinsa. Ramin allurar bai wuce nanomita biyu da 'yan kai ba, don haka dole a warware furotin ya koma zare kafin ya wuce, ya sake naɗewa a can ciki.

Shekara guda kafin wannan, a 1997, masu bincike a Jeniba da Jena sun karanta wani ɓangare na DNA ɗin wata bakteriyar ƙullutai mai suna NGR234, suka ci karo da tsarin gina irin wannan allura. Ashe makamin masu kawo cuta yana hannun masu kawo alheri. Babbar sallamar da bakteriyar ƙullutai ke yi wa saiwa wani sinadari ne da ake kira Nod, amma da yawa daga cikinsu suna ƙarawa da allura, suna tura furotin da ke kwantar da garkuwar shuka. Wani lokaci kuma furotin ɗin ne ke tona musu asiri.

Waken suya ya nuna tsananin abin. Akwai irinsa mai ɗauke da ƙwayar gado da ake kira Rj2, wadda aka gano ainihinta a Jami'ar Kentucky a 2010, furotin ɗin da take samarwa kuwa na gadi ne, irin wanda shuka ke gane cuta da shi. A 2018 masu bincike a Japan suka nuna cewa furotin guda, NopP, wanda bakteriyar USDA 122 ke turawa ta allurarta, shi ke ta da wannan mai gadi, sai shukar ta ƙi yin ƙullutai. 'Yar'uwarta USDA 110 ita ma tana da nata NopP, amma ya bambanta a 'yan gurabe, uku daga cikinsu su ne masu yanke hukunci, saboda haka ita ana karɓar ta. USDA 110 ɗin nan ita ce a cikin NoduMax, garin bakteriyar da cibiyar IITA ke haɗawa a Ibadan domin a cuɗa irin waken suya da shi kafin shuka. Wata kuma mai lamba ORS3257 daga saiwar wake irin namu aka ciro ta a Senegal, a 2019 kuma masana a Montpellier ta Faransa suka nuna cewa furotin ɗaya daga cikin waɗanda take turawa, ErnA, ya isa ya sa saiwar wata ciyawar fadama ta fara tara ƙwayoyin jiki kamar za ta yi ƙullutu.

To ta yaya mutum zai san wannan furotin yana riƙe wancan? Nan gwanintar take, kuma ita ce ta fi burge ni a duk labarin. Madubin asibiti ba ya nuna furotin. Cikin ƙwayar bakteriya ɗaya akwai irinsa dubbai, a cunkushe, suna gogar juna dare da rana, kuma yawancin gogayyar ba ta da ma'ana. Mai bincike yana son ya ware riƙon gaskiya daga karon hanya, ba tare da ya ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Dabarar da ta buɗe wannan fage ta fito daga Stony Brook ta jihar New York a 1989, daga Stanley Fields da Ok-kyu Song. A cikin yisti, irin wanda ake kumbura burodi da shi, akwai furotin mai suna Gal4 da ke kunna wasu ƙwayoyin gado. Kashi biyu ne da shi: ɗaya yana kama DNA, ɗaya yana kiran masu karanta shi. In aka raba su, babu mai iya aikin. Sai suka ɗauki furotin biyun da ake zargi, suka liƙa wa ɗaya kashin farko, ɗayan kuma kashi na biyu, suka sa yisti ya samar da dukkansu. In waɗanda ake zargin sun riƙe juna, sun jawo rabin Gal4 biyu wuri guda ke nan, ƙwayar gadon ta kunnu, yistin da ke kan faranti ya koma shuɗi. In ba su riƙe ba, ya zauna fari. Abin da ido ba zai taɓa gani ba an mayar da shi launi, wanda ɗalibi zai duba da safe ya rubuta. A 1998 Gouzel Karimova da Daniel Ladant da abokan aikinsu a Cibiyar Pasteur ta Paris suka ƙera makamanciyar dabarar a cikin bakteriyar E. coli, wadda ta fi dacewa da furotin masu zama cikin tantani, kamar na waɗannan injuna.

Sai dai shuɗin faranti ba shi ne ƙarshen zance ba, a nan kuma ake bambance gwani da ɗan koyo. Akwai furotin mai danƙo da ke manne wa duk abin da aka haɗa shi da shi. Akwai wanda ke kunna launin shi kaɗai ba tare da abokin tarayya ba. Akwai biyun da za su riƙe juna a cikin yisti alhali a gidansu na asali ba sa taɓa haɗuwa, domin ɗaya yana cikin tantani ɗaya yana wajensa. Gwani yakan gwada kowanne shi kaɗai tukuna. Ya musanya rabin da ya liƙa wa kowanne ya ga ko amsar za ta tsaya. Ya canza sinadari guda a wurin da yake zaton nan ne mariƙin, ya duba ko riƙon ya ɓalle, ya kuma duba ko bakteriyar da ke ɗauke da wannan canji ta daina iya aikinta. Sannan ya koma wata hanya daban: ya fasa bakteriyar, ya jefa sinadarin garkuwa da ke kama furotin ɗaya tak, ya jawo shi, ya ga su wa suka biyo shi. Ko a nan akwai wurin da sai hannu ya faɗa. Furotin ɗin tantani ba ya fita sai an narkar da tantanin da wani irin sabulu. In ya yi ƙarfi sai ya raba abokan gaskiya, in ya yi sanyi sai guntun tantani ya taho da kowa da kowa, ka ɗauka duk abokai ne. Littafi zai faɗa maka sunan sabulun, amma awon da ya dace da furotin ɗinka sai ka nemo shi da kanka, gwaji bayan gwaji.

Injin da aka fi nuna wannan gwaninta a kansa shi ne na huɗu, a jikin Agrobacterium tumefaciens, bakteriyar ƙasa da ke sa itatuwa da inabi yin ƙari a gindi. Tun 1907 Smith da Townsend suka tabbatar a Amurka cewa ita ce sanadin ƙarin. Abin da ya ɗaure wa masana kai shekaru da yawa shi ne, ko an kashe bakteriyar ƙarin ya ci gaba da girma. A 1974 ƙungiyar Jeff Schell da Marc Van Montagu a Ghent ta Beljiyam ta gano wani babban zoben DNA da masu kawo ƙarin kaɗai ke da shi. A 1977 Mary-Dell Chilton da abokan aikinta a Seattle suka nuna cewa wani yanki na wannan zobe yana komawa cikin ƙwayar jikin shukar ya zauna. Wato bakteriyar tana rubuta wa shuka sabon umarni: ki yi ta tsiro a nan, ki kuma dafa mini abincin da ni kaɗai ke iya ci.

Yadda take yi ya fito a hankali. Shukar da ta ji rauni tana fitar da wasu sinadarai, an gano ɗaya daga cikinsu a 1985. Furotin VirA da ke tantanin bakteriya ya ji shi, ya taɓa VirG, shi kuma ya kunna sauran. VirD2 ya yanki DNA ɗin a iyakoki biyu masu haruffa 25 kowace, ya maƙale a kan zaren da ya fito ya zama jagoransa. Furotin goma sha ɗaya, VirB1 zuwa VirB11, tare da VirD4, su gina injin. Wani kuma, VirE2, ana tura shi daban, kamar yadda ƙungiyar Paul Hooykaas ta nuna a Leiden a 2000, sai a can cikin shuka ya lulluɓe zaren don kada a daddatse shi. Kafin ya tafi, ƙaramin furotin VirE1 ne ke riƙe da shi don kada ya kama aiki tun yana gida. A 1996 an gano VirB7 da VirB9 suna ɗaure da juna da ƙulli na sinadarin farar wuta. A 2000 Anath Das na Jami'ar Minnesota ya yi amfani da dabarar yisti ya nuna VirB8 da VirB9 da VirB10 suna riƙe da juna. Jerin masu riƙon ya yi ta tsawo, amma tambaya ɗaya ta rage: a cikin goma sha biyun nan, ta hannun wa da wa DNA ɗin yake bi, kuma wa ke fara karɓa?

Eric Cascales da Peter Christie suka amsa ta a Houston ta Texas a 2004, a mujallar Science, kuma a ganina duk mai son koyon tunanin bincike ya kamata a zaunar da shi a kan wannan aiki. Sun bar bakteriyar ta kama aikin tura DNA, sai suka zuba mata fomalin, sinadarin nan da ake adana gawa da shi, wanda ke ɗaure duk abubuwa biyun da ke manne da juna a daidai wannan lokaci. Komai ya daskare a inda yake. Suka fasa ƙwayoyin, suka raba ruwan kashi-kashi, a kowane kashi suka jawo furotin ɗaya da sinadarin garkuwar da ke gane shi. Sannan suka tambayi kowanne: akwai DNA ɗin a hannunka? Ɗan abin da zai maƙale ƙanƙani ne ƙwarai, don haka suka ninka shi da dabarar PCR, wadda kowa ya ji sunanta lokacin korona. Shida suka fito riƙe da zaren: VirD4, VirB11, VirB6, VirB8, VirB2 da VirB9. Sauran shidan ba su taɓa shi ba.

Wannan kaɗai ya isa a buga, amma ba su tsaya ba. Ka ɗauka magina ne a jere suna miƙa wa juna tubali daga ƙasa zuwa saman katanga, kai kuma labule ya tsare ka, ba ka ganin jerin. In ka janye mutum ɗaya, duk waɗanda ke gabansa za su ci gaba da karɓar tubali, waɗanda ke bayansa kuwa hannunsu zai zama wayam. Ka mayar da shi ka janye wani, ka sake dubawa. Kafin ka gama da kowa, ka san wurin tsayuwar kowa. Haka suka yi: suka ɗauki bakteriya iri-iri, kowace an cire mata furotin guda, suka maimaita gwajin. Da aka cire VirD4, babu wanda ya taɓa DNA ɗin. Shi ne na farko ke nan. Da aka cire VirB11, VirD4 ya karɓa amma abin ya tsaya nan. Daga VirB11 sai VirB6 da VirB8 a tantanin ciki, daga su sai VirB2 da VirB9 a kan hanyar fita. Gwajin ya kuma tona aikin waɗanda ba su taɓa zaren ba. VirB4 ba ya riƙe shi, amma in babu shi zaren ba ya wuce VirB11. VirB10 ma ba ya riƙe shi, amma in babu shi zaren ya maƙale kafin matakin ƙarshe. A wannan shekarar suka nuna cewa VirB10 yana sauya siffa in furotin masu ƙona makamashi a ciki suka motsa, shi ne ke kai labari zuwa tantanin waje cewa a buɗe. Ba su yi amfani da wata na'ura mai tsadar gaske ba. Kayan aikin duk sanannu ne a lokacin. Abin da suka kawo shi ne tsara tambaya yadda kowace amsa, e ko a'a, za ta rage duhu.

Gani ya kori ji, amma ganin ya zo a makare. Ƙungiyar Gabriel Waksman a Landan ta fitar da hoton zoben da ke tantanin waje a 2009: VirB7 da VirB9 da VirB10, kowanne guda 14, a kewaye da rami. Ukun nan dai tun kafin hoton gwaje-gwajen riƙo sun riga sun ce tare suke. Dabarar da ta kawo cikakken hoto ita ce a daskarar da furotin cikin ƙanƙara siririya farat ɗaya, a ɗauki hotunansa dubu ɗaruruwa da madubin ilektiron, kwamfuta ta haɗa su. Masu ƙirƙirar ta suka karɓi kyautar Nobel a 2017. Da ita ƙungiyar Waksman ta fitar a 2022 da surar mafi yawan injin, furotin 92 a haɗe, ana ganin gefen da kowanne ya jingina da ɗan'uwansa. Yanzu kuma ga manhajar AlphaFold da ke hasashen siffar furotin daga jerin sinadaransa, wadda ta kai masu ita ga Nobel a 2024. Taimako ce babba, amma hasashe take yi. In ta ce biyu sun dace, wani ne zai koma kan tebur ya canza sinadarin mariƙin ya ga ko injin ya tsaya.

Tun 1983 masana suka gane cewa injin Agrobacterium ba ya duba abin da ke tsakanin iyakokin nan biyu masu haruffa 25. In ka cire ƙwayoyin gadon da ke kawo ƙari ka sa wadda kake so, VirD2 zai yanka, VirD4 zai karɓa, zaren ya bi hanyarsa har cikin shuka. Taba ta karɓi wannan cikin sauƙi. Wake kuwa ya yi taurin kai fiye da shekara ashirin, domin ƙwayoyin jikinsa da ke karɓar DNA ba kasafai suke yarda su tsiro su zama cikakkiyar shuka ba. Sai a 2006 ƙungiyar T. J. Higgins a cibiyar CSIRO ta Canberra a Ostireliya ta bayyana hanyar da ta yi aiki har 'ya'yan shukar suka gaji sabuwar ƙwayar gadon, kuma a cikin guntayen wake dubu da aka haɗa da bakteriyar kusan ɗaya ne ke kai ga haka. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna irin haƙurin da aikin ke ci.

Abin da aka shigar shi ne ƙwayar gadon cry1Ab daga bakteriyar ƙasa Bacillus thuringiensis, domin maganin Maruca, tsutsar da ke shiga furen wake da ɗanyen kwansonsa ta ci daga ciki, inda feshi ba ya isa sosai. An daɗe ana neman irin wake mai jure mata a cikin dubban iri da IITA ke adanawa ba a sami mai ƙarfin da ake so ba. Shi ma Cry1Ab da riƙo yake aiki: a hanjin tsutsar akwai furotin da siffarsa ta dace da shi, ya kama, ya huda bangon hanjin, hanjin mutum da na tunkiya ba su da wannan mariƙi. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikin tare da gidauniyar AATF, aka fara gwaji a killataccen fili a 2009, aka yi ta barbara don a mayar da halin cikin IT97K-499-35, irin da B. B. Singh da abokan aikinsa suka fitar a tashar IITA ta Kano, mai jure ƙuduji, wanda manoma suka sani da SAMPEA 10. Hukumar kula da lafiyar irin waɗannan halittu ta ƙasa ta amince a Janairun 2019, aka yi wa irin rajista da sunan SAMPEA 20-T a Disambar shekarar, aka ƙaddamar da sayar da shi a Kano a Yunin 2021. Masu aikin sun ce feshin da kan kai shida zuwa takwas a damina zai iya komawa biyu. Biyun ba sa faɗuwa, domin furotin ɗin ba ya taɓa ƙwarin da ke tsotse kwanso, balle waɗanda ke cin wake a buhu.

Ana muhawara a Najeriya kan irin da aka sauya wa ƙwayar gado, kuma tambayoyin da ake yi, wa ke riƙe da iri, nawa ne kuɗinsa, me za a yi in tsutsa ta saba, tambayoyi ne da suka cancanci amsa a fili. Abin da nake so shi ne masu amsawar su zama namu, waɗanda suka san injin ciki da waje, waɗanda za su iya ɗaukar ƙullutu daga gonar gwaji ta Minjibir su karanta furotin ɗin da bakteriyarsa ke turawa, su gwada shi da na Kanannado. Dabarar yisti da ta E. coli ba sa neman madubi na miliyoyin daloli. Suna neman faranti, da firiza da wuta ba ta yanke mata, da sinadarai masu zuwa a kan lokaci, da malamin da zai tsaya a kan ɗalibi har ya koyi ƙin yarda da shuɗin farko. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da matasan da za su iya.

Amfanin kuma bai tsaya a gona ba. Injin da Waksman ya ɗauki hotonsa a 2022 ba daga Agrobacterium ya fito ba, daga zoben DNA mai suna R388 ne, wanda bakteriya ke miƙa wa juna ta irin wannan inji, ɗauke da ƙwayoyin gadon da ke sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya daina ci. A ƙasar da ake sayen kafso a tiren ɗan talla ranar kasuwa, a sha biyu a bari, a kuma ɗura wa kaji da awaki, wannan miƙo shi ne hanyar da taurin kan wata bakteriya ke zama na maƙwabtanta. Brucella ma, mai kawo bakkale da ɓarin ciki ga shanu da tumaki, wadda ke kama mutum ta ɗanyar madara, da inji na huɗu take ɓuya cikin ƙwayoyin garkuwar jiki. A 2011 ƙungiyar Christian Baron a Kanada ta juya dabarar launin nan baya. Sun san VirB8 sai ya riƙe wani VirB8 ɗan'uwansa injin ke aiki, don haka suka sa biyun a cikin E. coli yadda riƙonsu zai ba da alama, suka bi sinadarai kusan 30,000 ɗaya bayan ɗaya suna neman wanda zai kashe alamar ba tare da ya kashe bakteriyar ba. Kaɗan suka tsallake tantancewa, daga cikinsu kuma aka sami wanda ya hana Brucella yaɗuwa a cikin ƙwayoyin garkuwa da aka reno a faranti. Daga baya suka bi wannan hanya a kan takwaran VirB8 na wani zoben da ke yaɗa taurin magani, suka sami sinadaran da ke rage miƙa shi daga bakteriya zuwa bakteriya. Waɗannan sinadarai har yanzu a ɗakin gwaji suke, ana gyara siffarsu domin su ƙara dacewa da lungun da suke shiga a jikin furotin ɗin.